Ruwan Enzaim na Kawar da Zarnin Kyanwa: Yadda Na Same Shi a Gidan Haya a Legas

Ruwan enzaim na wanke fitsarin dabbobi, wato ruwa mai sinadaran da ke narka ƙazantar da ta maƙale a jikin abu, yana daga cikin kayayyakin da ake gani yanzu a shagunan sayar da abincin karnuka da kyanwoyi na Ikeja da Surulere da Lekki, haka kuma a kasuwannin intanet, amma da wuya a ji sunansa a bakin 'yan uwanmu masu kiwon kyanwa a Agege ko Idi-Araba ko Obalende, alhali kuwa mun fi kowa buƙatarsa, tunda a gidajenmu ƙasan ɗaki wurin salla ne, wurin cin abinci ne, kuma a nan yara suke rarrafe. Na yi amfani da shi tun daga tsakiyar damina har zuwa ranin da ya biyo baya, a gidan da nake haya a Agege, inda muke da mage ɗaya da muzuru ɗaya, kuma abin da na tabbatar shi ne ya ci kuɗinsa, da sharaɗin mai saye ya san iyakar aikinsa. Aikinsa shi ne goge alamar da ke kiran kyanwa ta koma wurin da ta ɓata. Dalilin da ya sa ta bar bahon yashin da take bahaya a ciki tun da farko kuwa, wannan babu kwalbar da za ta magance shi, kuma wanda ya saye shi da wannan fata zai yi asarar kuɗinsa ya kuma ci gaba da fushi da dabbar da ba ta da laifi.

Wanda ya tashi a Kano ko Katsina ko Zariya zai iya mamakin a ce kyanwa tana buƙatar a saya mata wani abu saboda bahaya. A can tsakar gida ƙasa ce, ƙofar zaure a buɗe take, kyanwa tana fita ta tona inda take so ta binne abinta ta dawo, babu wanda ya san lokacin da ta yi. A Legas lamarin ya sha bamban. Ɗaki tayil ne, harabar gida kankare ce, da yawanmu muna bene, kuma a gidajen haya da ake zaman cuɗanya akwai maƙwabtan da ba sa ƙaunar ganin kyanwa ko kaɗan, har wasu suna camfa ta, don haka mai ita yakan kulle ta a ciki saboda gudun a cutar da ita. Ke nan rayuwarta gaba ɗaya ta rataya a kan baho guda na yashi da aka ajiye mata a wani lungu. Ranar da bahon ya daina yi mata, abin da ya fi kama da ƙasa mai laushi a cikin ɗakin shi ne katifa, da darduma, da tulin kayan wanki, da kafet. A kan wannan kuma sai a ƙara laimar garin, wadda ke hana komai bushewa daga watan Afrilu har zuwa Yuli, ta ɗan lafa a Agusta, ta sake dawowa a Satumba da Oktoba. Tabon da aka ɗauka ya mutu a lokacin hunturu, da zarar ruwan Yuni ya sauka sai ya farka da zarninsa, domin busasshen abin da ya rage a cikin zare yana zuƙar danshin iska.

Fitsarin kyanwa ya fi na yawancin dabbobin gida kauri, saboda asalinta kyanwar daji ce ta busassun yankunan arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya, wadda ƙodarta ta saba tattalin ruwa. Idan ya zauna, ƙwayoyin bakteriya suna narka sinadarin yuriya da ke cikinsa ya koma amoniya, wannan shi ne warin da ke hawa ido. Bayan shi akwai wani sinadari da ake kira felinin, mai ɗauke da farar wuta, wanda ke rugujewa a hankali yana fitar da wannan zarni na musamman da kowa ya san na kyanwa ne, kuma muzurun da ba a yi wa fiɗiya ba yana fitar da shi ninkin ba ninkin abin da mage take fitarwa. Shi ya sa tabo yake ƙara muni da kwanaki maimakon ya ragu. Hancin kyanwa kuma ya fi namu nesa ba kusa ba, saboda haka wurin da uwargida ta wanke ta sa turare, kowa ya shinshina ya ce ya yi, ita har yanzu tana jin shaidarta a wurin, kuma a fahimtarta inda ta taɓa yi nan ne ya halatta ta sake yi.

A nan ne ruwan enzaim yake shigowa. Kamfanoni da yawa suna yinsa, sunayen da ake samu a shagunan Legas kuma suna sauyawa gwargwadon abin da ɗan kasuwa ya samu ya shigo da shi, don haka bayan kwalba ya kamata mai saye ya karanta fiye da gabanta. Abin nema shi ne a rubuta cewa akwai enzaim a ciki, musamman wanda ke narka furotin, sau da yawa tare da wasu bakteriya marasa cutarwa waɗanda ke ci gaba da cinye ragowar ƙazantar muddin wurin yana da danshi. Wanda na yi amfani da shi ruwa ne garai-garai a cikin kwalbar roba mai bakin feshi, ba ya kumfa sosai, ba ya cin hannu, yana da ƙamshi irin na lemun tsami. Ba sabulu ba ne da za a goga a ɗauraye nan take. Yana aiki ne kamar ƙullun waina, wanda sai an rufe shi an ba shi lokaci sannan yake tashi, kuma duk wanda ya yi masa gaggawa zai ce ba ya aiki.

Matakin farko shi ne gano inda ɓarnar take, domin hanci yana faɗa wa mutum cewa akwai zarni a ɗaki amma ba ya nuna masa wurin daidai. Ƙaramar tocilar nan mai shuɗin haske da masu canji da masu POS suke duba kuɗi da ita tana yin wannan aiki. A kashe fitila da dare, a saki labule, a bi gefen bango da ƙafafun kujeru da ita a hankali, tana kusa da ƙasa. Busasshen fitsari yana bayyana da launi tsakanin rawaya da kore, a kan tayil yakan yi zobe mai kaurin baki, a jikin bango kuma yakan fito a matsayin layuka da suka gangaro daga tsayin gwiwar mutum ko ƙasa da haka. Ragowar garin wanki shi ma yana haske, amma nasa fari ne mai shuɗi, don haka ba a rikita su idan ido ya saba. A zagaye kowane tabo da alli kafin a kunna fitila. A ɗakinmu tocilar ta nuna tabo a ƙasan labulen taga da bayan ƙofa, wuraren da babu wanda ya taɓa zarginsu, domin hankalin kowa yana kan katifa.

Katifar ce gwaji mafi wuya, kuma a kanta ne na fahimci abin da ya kamata a rubuta da manyan baƙaƙe a jikin kwalba. Fitsari idan ya sauka a katifar soso yana nitsewa yana yaɗuwa, ta yadda tabon da faɗinsa bai wuce tafin hannu ba a sama yakan kai faɗin faranti a ciki. Feshi a saman rigar katifa ba ya kaiwa can. Sai an cire bakin feshin an tsiyaya ruwan kai tsaye, a zagaye tabon da tazarar yatsu huɗu ko biyar, a danna da tafin hannu cikin leda har a ji soson ya sha, gwargwadon yadda fitsarin ya jiƙa shi. Idan sabon fitsari ne, a fara da danna tsumma ko tsohon tawul a tsaye a kansa da ƙafa har ya daina jiƙewa, kada a cuɗa, domin cuɗawa tana tura shi ciki. Bayan an zuba enzaim ɗin sai a rufe wurin da leda don kada ya bushe da wuri, a bar shi sa'o'i, ko ya kwana idan tsohon tabo ne, sannan a sake danne shi da busasshen tsumma, a jingine katifar a gaban fanka ko a fitar da ita rana. Kada a sa ruwan zafi, kada a bi da dutsen guga don a gaggauta bushewa, domin zafi yana kashe enzaim yana kuma ƙara manne furotin a jikin zare. A ranar farko warin yakan ƙaru kafin ya ragu, wannan kuwa ba alamar gazawa ba ce. Hukunci sai katifa ta bushe ƙayau, abin da a watan Yuni yakan ɗauki kwanaki, kuma dole a riƙa juya ta saboda fumfuna.

Sakamakon da na gani ya bambanta da irin kayan. A kan tayil da ledar ɗaki ya gama aiki a zubi ɗaya, in ban da layukan siminti da ke tsakanin tayil, waɗanda suka buƙaci a tara musu ruwan a bi su da tsohon buroshin haƙori. Labule da zanen gado da kayan sawa sun fita tas bayan an jiƙa su a bokiti kafin wanki. Kafet ya yi kyau, amma sai da aka ɗaga shi aka wanke simintin da ke ƙarƙashinsa. Katifa ta buƙaci a maimaita mata, kuma a ƙarshe ta kai matsayin da magen take hawa ta kwanta ba tare da ta tsaya tana shinshinar wurin ba, wanda a wurina shi ne shaidar da ta fi hancina inganci. Inda ya gaza shi ne gindin wata durowa ta katakon nan da ake matsewa daga garin itace, wanda ya riga ya sha ya kumbura, sai kuma wata jakar fata da ya bar mata tabo mai duhu. Ga irin waɗannan kaya ina ganin babu magani sai haƙuri da su. Game da kashi kuwa aikinsa mai sauƙi ne, a kwashe, a wanke da ruwa, a zuba shi a kan abin da ya rage.

Darduma tana da nata hukunci, kuma wannan ne abin da takardar kwalba ba za ta taɓa faɗa wa Musulmi ba. Mun san kyanwa ba najasa ba ce a jikinta, hadisin Abu Ƙatada da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa ya bayyana cewa tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu, kuma ana alwala da sauran ruwan da ta sha. Amma fitsarinta da kashinta najasa ne. Na tambayi malamin masallacin unguwarmu bayan sallar Asuba, na ce masa, "Allah ya gafarta Malam, idan na wanke darduma da wannan magani har zarnin ya tafi gaba ɗaya, ta yi tsarki ke nan?" Sai ya ce, "A'a, Alhaji, tafiyar wari daban, tsarki daban. A mazhabarmu ruwa tsantsa ne yake kawar da hukuncin najasa, wanda launinsa da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa ba su jirkita da wani abu ba. Ka gama aiki da maganinka tukuna, sannan ka ɗauraye ta har ruwan ya fito garau." Wannan jeri ya dace da yadda maganin yake aiki: a fara ɗauraye fitsarin da ruwan sanyi, a jiƙa da enzaim a ba shi lokacinsa, a rufe da ɗauraya ta ruwa zalla. Bayan haka kuma a riƙa naɗe darduma ana ɗora ta a sama da zarar an idar da salla, domin shimfiɗaɗɗen abu mai laushi a kusurwar ɗaki yana jan kyanwar da ke cikin matsala.

Dole in yi magana a kan abubuwan da muka saba ɗauka idan irin wannan ta faru, saboda wasunsu haɗari ne. Bilic yana kashe ƙwayoyin cuta, amma idan ya haɗu da amoniyar tsohon fitsari a rufaffen ɗaki yana fitar da tururi mai ƙona maƙogwaro da ido, ga shi kuma kyanwoyi da yawa warinsa yana jan su zuwa wurin. Duk abin goge gilashi ko ƙasa da ke ɗauke da amoniya shi ma kiran kyanwa yake yi, tunda warinsa ɗan uwan na fitsari ne. Mafi muni su ne magungunan kashe ƙwayoyin cuta na dangin fenol, waɗanda ake gane su da yadda suke mayar da ruwa fari idan an ɗiga su a bokiti. Dettol na wanka da wanke rauni, alal misali, yana ɗauke da wani sinadari na wannan dangi; yana da amfaninsa ga mutane, amma hantar kyanwa ba ta iya sarrafa irin waɗannan sinadarai yadda tamu take yi, kuma ita dabba ce da ke taka jiƙaƙƙen ƙasa ta koma ta lashe ƙafarta. Turaren wuta da humra kuwa suna rufe zarni ne ga hancin baƙo na ɗan lokaci, ba sa rage komai a cikin zare. Abin lura kuma shi ne idan an riga an zuba bilic ko makamancinsa a wuri, sai an ɗauraye shi sosai kafin a sa enzaim, in ba haka ba ragowarsa za ta kashe maganin tun kafin ya fara aiki.

Duk wannan wanki ba zai hana ɓarnar gobe ba idan ba a san abin da ke damun dabbar ba. Jagorar da ƙungiyar likitocin kyanwa ta Amurka da takwararta ta ƙasa da ƙasa suka fitar tare a 2014 a kan wannan matsala ta sa binciken lafiya a gaban komai, kuma abin da na gani a gidana ya gaskata hakan. Magenmu ta fara hawa katifa ne a makon da gida ya cika da baƙi don suna, tana tsugunawa sau da yawa tana yin kaɗan-kaɗan. Likitan dabbobi da na kai ta wurinsa a Ikeja ya auna fitsarin ya sami jini a ciki, ya ce kumburin mafitsara ne irin wanda tashin hankali da sauyin gida suke tayarwa, wanda shi ne ya fi yawa a kyanwoyin da ba su tsufa ba. Kyanwar da ta ji zafi a cikin baho takan ɗora wa bahon laifi ta nemi wani wuri. A tsofaffi kuma ciwon ƙoda da ciwon suga suna sa yawan fitsari, ciwon gaɓoɓi yana hana su tsallaka baho mai dogon baki. Akwai abu ɗaya da nake roƙon duk mai muzuru ya riƙe: idan ya ga yana yawan tsugunawa yana nishi, yana kuka, yana lasar gabansa, fitsari kuma ba ya fita, hanyar ce ta toshe, kuma yana iya mutuwa cikin kwana biyu ko uku. Wannan ba abin jira gari ya waye a ga yadda zai kwana ba ne. Kada kuma a ba kyanwa farasitamol ko da ɓari ne, domin guba ce gare ta mai kisa. Duka da goga mata hanci a cikin fitsarin, wanda wasu suke ɗauka tarbiyya ce, ƙara mata tsoro yake yi, tsoron kuma yana daga cikin abin da ya jawo matsalar.

Muzurun nasa labarin daban ne, kuma siffar tabon ita ta nuna hakan. Mai fitsari don ya matsu yana tsugunawa ne ya yi da yawa a shimfiɗe. Mai sa alama kuwa yana tsayawa ne ya juya baya ga bango ko labule, ya ɗaga jela tana karkarwa, ya fesa kaɗan. Namu yana yi ne a ƙasan taga da bayan ƙofa, daidai inda yake hango muzuran unguwa suna bin katanga da dare. Fiɗiya a hannun likita ita ce babban magani a nan, tana tsayar da feshi ko ta rage shi ƙwarai a wajen kashi 90 cikin 100 na muzurai, kuma tana rage ƙarfin zarnin kansa. Bayan an yi masa, muka rufe ƙasan gilashin tagar don kada ya riƙa hango waje, muka wanke tsofaffin alamomin da enzaim, muka ajiye kwanon abincinsa a wurin na ɗan lokaci, tunda kyanwa ba ta son ɓata inda take ci. Akwai kuma na'urar Feliway ta kamfanin Ceva na Faransa, wadda ake sakawa a soket tana fitar da kwaikwayon ƙamshin da kyanwa take gogawa da kumatunta idan ta natsu da wuri. An yi ta ne don ta zauna a kunne dare da rana, abin da wutarmu ba ta lamunta a unguwanni da yawa, don haka irinta ta feshi ta fi dacewa da mu, kuma wanda aka aiko masa da ita daga Amurka ya duba ko ta bolt 110 ce kafin ya jona ta, domin wutarmu ta fi wannan ƙarfi.

Shi kansa bahon yashi, a gidaje da yawa da na shiga a Agege na tarar ya yi ƙanƙanta. Ƙa'idar ita ce tsawonsa ya kai tsawon jikin kyanwa da rabi, daga hanci zuwa gindin jela, wato santimita 60 zuwa 70 ga babbar kyanwa, kuma babbar robar ajiye kaya da aka yanke mata ƙofa a gefe ta fi yawancin ƙananan bahon da ake sayarwa. A sa ɗaya ga kowace kyanwa a ƙara ɗaya, a raba su wurare daban-daban, nesa da abinci da ruwa, nesa kuma da janareto, domin baranda ita ce inda muke ajiye baho da janareto duka biyun, kuma kyanwar da injin ya tashi a kanta tana tsugune ba za ta manta ba. Yashin ya zama mai laushi marar turare, zurfinsa ya kai aƙalla santimita 3, a kwashe ƙazanta kowace rana. Yashin kanti mai dunƙulewa ya fi sauƙin kwasa. Yashin gini shi ma yana yi idan an shanya shi ya bushe kuma ana sauya shi akai-akai. Mace mai ciki kada ta yi wannan aiki, saboda cutar tokzofilasma da ake iya ɗauka daga kashin kyanwa tana yi wa ɗan tayi illa, kuma ƙwayoyinta sai sun yi kwana ɗaya zuwa biyar a waje kafin su iya kama mutum, wanda wani dalili ne na kwashewa kullum.

Aibin wannan kaya na farko shi ne tsada. Daga waje ake shigo da shi, kuma tun da aka saki darajar naira a watan Yuni na 2023 duk abin da ya haye teku farashinsa ya tashi, ga shi kuma ana buƙatarsa da yawa: katifa ɗaya tana iya cinye rabin ƙaramar kwalba. Bakin feshin da ake sa masa yana yaudarar mai saye ya zaci fesawa sau biyu ko uku ta isa, kuma ina ganin mafi yawan masu cewa bai yi musu aiki ba a nan suka tsaya. Ƙamshin da aka zuba masa ma bai burge ni ba, domin yana ruɗin hanci a ɗauka an gama alhali da saura, kuma kyanwa ba ta son ƙamshin lemo, saboda haka kada a wanke bahon yashi da shi. Ruwa da sabulu marar ƙamshi sun isa. Sannan abu ne mai lalacewa. Kwalbar da ta daɗe a cikin zafin kwantena ko a kan teburin da rana take duka ƙarfinta yana raguwa, don haka shagon da ke da sanyi da yawan ciniki ya fi, a duba ranar ƙarewar aiki, a tabbatar hatimin murfin bai ɓalle ba. Bayanin jikinsa kuma da Turanci ne kawai, da ƙananan baƙaƙe.

Ga wanda kuɗinsa bai kai ba, akwai hanyar da masana halayyar kyanwa a Ingila suka daɗe suna bayarwa, kuma na gwada ta a kan tayil da bango ta yi aiki: a dama garin wanki mai enzaim kashi ɗaya cikin ruwa kashi tara, a wanke wurin, a ɗauraye, a bari ya bushe, sannan a bi da sifirit na kemis irin wanda ake goge fata da shi kafin allura, a hana kyanwa zuwa wurin har ya bushe. A kan katifa da kushin ba ta kai na kwalba ba, saboda kumfar garin wanki tana maƙalewa a cikin soso kuma fitar da ita wahala ce. Saboda haka shawarata ita ce a bar na kwalba ga abubuwan da ba sa shiga bokiti, a yi amfani da garin wanki ga sauran. Mai kyanwa ɗaya da tabo ɗaya ko biyu ƙaramar kwalba ta ishe shi. Wanda tocila ta nuna masa tabo a ɗaki fiye da ɗaya ya sayi babbar jarka marar bakin feshi, ta fi araha a kan kowace lita, ya haɗa da ledar katifa irin wadda ake shimfiɗa wa jarirai, ya sa ta a ƙarƙashin zanen gado, ya kuma riƙa rufe ƙofar ɗakin kwana har sai kyanwar ta yi makonni tana komawa bahonta ba tare da kuskure ba.